Banten Shugaban Amirka

Mutumin da ya sa anka rufe ni wata guda da kwanaki a kason jandarma, ya kuma raba ni da teburina na bakin gada, malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kuma har yau in ya ratsa kasuwar Malanbil mutane na miƙewa suna gaishe shi. Ban yi sata ba, ban bugi kowa ba. Magana na yi kan shugaban Amirka. Shi kuwa ya ɗauki maganar, ya cire Amirka daga cikinta, ya kai ma jandarma sauran.

Sai na fara da teburin, don wanda bai san shi ba ba zai gane abin da anka ƙwace mini ba. Katako ne mai ƙafa huɗu, ɗaya gajera, na tokare ta da guntun birkin gini. Shina ƙarƙashin wani itacen dogon yaro, taki kaɗan daga ofishin duwan, wato kwastan, daidai inda manyan motoci ke jerawa kafin su hau gada su tsallaka iyaka zuwa Gaya. Aikina cika takardu. Direba ya taso daga Kwatano da gishiri ko siminti, bai san a ba bai san b ba, duwan kuwa ba su kallon mutum sai da takarda. Ni na yi aji biyar a lakwal kafin babana ya ce gonar shinkafa ta fi alli bukatata. Faransancina ba mai zuwa biki ba ne, amma ya isa in rubuta sunan mutum, da lambar motarshi, da abin da ya ɗauko, da rabin abin da ya ɗauko in ya roƙe ni da kyau. Da teburin nan na yi aure, da shi na rufe ɗakina da kwano. In na tafi sallah na bar alƙalami bisanshi, ba mai taɓawa. Kowa ya san wurina ne.

Tun da anka ce an ba mu mulkin kai, ina saurayi, mun saba da abu guda. In ka kunna rediyo da safe ka ji ba magana sai kiɗan soja, to an canza shugaba can kudu. Sai a sauke hoton da ke ofishin duwan a rataya wani, ƙusa ita ce dai ta jiya. Ba wanda ya taɓa hawo mota ya zo arewa ya tambaye mu ko mun yarda. Mu ma ba mu tambaya ba. Mun koyi cewa gwamnatinmu kamar zafin rana take, ana jin ta a jiki, ba a gardama da ita.

To amma baki ba shi zama banza. Duwan na rufe ofis da tsakar rana su tafi cin abinci da barci, sai la'asar ta kusa su komo. Cikin wanga lokaci inuwar teburina ke cika: direbobi, masu dako, mai shayi, masu jiran kaya daga Gaya. Tun da tamu gwamnati ba ta taɓuwa, sai munka kama na mutane. Mutanen da ba su taɓa wuce Kandi ba, sun sauke gwamnatin Italiya ƙarƙashin itacen nan ban san sau nawa ba. Mun raba faɗan Larabawa da Yahudawa kafin shayi ya huce. Akwai wani mai dako da ba shi da takalmi, amma ya san sarai kuskuren da Ingila ta yi da kuɗinta.

Limamin wanga zama shi ne malamin da na faɗa. Mushe muke ce mishi, kamar yadda ake ce ma kowane malamin lakwal. Mutumin Gene ne, ya girme ni da 'yan shekaru, shina da tabarau, da rediyo mai madauri da yake ratayawa a kafaɗa kamar jakar magani, da jaridun Kwatano da ke iso mishi bayan sun kwana ashirin a hanya. In zai yi magana sai ya cire tabarau ya goge, mu kuwa mu jira. Kalmar da ya fi so ita ce demokarasi. Ba ta wurinmu ba, wannan bai taɓa ambatonta ba ko a mafarki. Ta can.

Shekarar da rigimar shugaban Amirka ta taso, Mushe har ramewa ya yi. Kullum ya iso da fuska kamar wanda ya fito gidan rasuwa, ya ce mana demokarasi na cikin haɗari. Munka tambaya ina. Ya ce Amirka. Wai mutanen shugabansu sun laɓe suna sauraren asirin abokan adawarshi, wai shugaban ya yi ƙarya, wai in ba a tsai da abin ba duniya ta lalace. Mu da rabonmu da ganin akwatin ƙuri'a har mun manta ko da murfi yake, munka zauna muna taya Amirkawa jimami. Mai shayi ma ya ce shi tun da yake bai taɓa jin shugaba ya yi ƙarya ba, kowa ya sunkuyar da kai ya kurɓi shayinshi.

Cikinmu akwai wani tsoho masunci daga wajen Madekali, da ke kawo busasshen kifi shina saida ma direbobi. Baba muke ce mishi. Dandanci ne harshenshi, Hausarshi ta ciniki ce, kunnenshi ɗaya kuma ruwa ya cinye tun da daɗewa. Ba shi ji sosai, amma ba shi yarda a wuce shi.

Ran nan Mushe ya iso da sauri, rediyo na lilo, ya ce babban labari. Manyan alƙalan Amirka sun yanke hukunci. Ashe shugaban na da na'ura a ofis da ke naɗe duk maganar da anka yi, irin zaren nan da ake ce ma band da Faransanci. Mushe bai tsaya neman Hausarta ba, don Hausa ba ta cika isarshi ba in ana maganar manya. Ya ce, "Alƙalai sun ce dole shugaba shi miƙa bandinshi."

Baba ya karkato kunnen da ke aiki. "Bantenshi?"

"Bandi, Baba. Bandi."

"Na ji. Wanda ke ƙugunshi za shi miƙa, ko akwai wani a shanya?"

Mushe ya cire tabarau bai goge ba. Ya ce ba bante ba, wata 'yar igiya ce siririya mai riƙe magana. Baba ya gyaɗa kai ya ce ai ya gane, igiya ce dama ke riƙe bante, in alƙali ya karɓe ta sauran ba wuya.

Wani direba shayi ya fito mishi ta hanci. Mai dako ya kwanta ƙasa. Ni kuwa, ba ni ɓoyewa, na fi kowa dariya, har na buga teburi birkin ya goce. Da na samu numfashi na ce ni dai ƙasar da alƙali ke iya tuɓe ma shugaba bante, ina son in gan ta kafin in mutu.

Laifina guda ne, kuma na yarda da shi: ban bar maganar ta mutu ba. Kullum Mushe ya ɓullo sai in ce, "Mushe, an tuɓe, ko da saura?" Ya fara jawabi kan rabon iko tsakanin alƙalai da majalisa, sai wani ya tambaye shi launin banten. Mutumin da ya saba a yi shiru in ya goge tabarau, ya koma in ya goge sai a fara murmushi. Ran da labari ya zo cewa shugaban ya sauka da kanshi, na miƙe tsaye gaban layin motoci na ce da ƙarfi, "Jama'a, an tuɓe ma shugaba bante, Allah shi ƙara." Kowa ya yi dariya, don kowa ya san wane shugaba. Mushe na nan tsaye. Ya fi kowa sani, shi ya kawo labarin.

Ba a yi wata nawa ba sojan da ke bisa mulki sunka ce yanzu juyin juya hali ake. Kowa ya zama kamarad, har limami. Anka kafa kwamiti a kowace unguwa, kuma kwamiti na son mai rubutu. Wa ya fi Mushe rubutu? Sai ga rediyo mai madauri ya bar kama tashoshin waje. Demokarasin da ke hana shi barci ta warke rana ɗaya. Yanzu Amirka uwar 'yan mulkin mallaka ce, ya kuma ce tun can shi ya faɗa mana, mu ne ba mu saurara ba. Zaman inuwa ya ragu. In ya zo, sai a koma maganar farashin albasa.

Wata Talata da hantsi, ina tsakar cika ma wani direba takarda, jandarma biyu sunka tsaya kaina. Ko alƙalamin ba su bari na rufe ba.

Kumandansu mutumin kudu ne, ba Hausa ba Dandanci. Takarda na gabanshi, kuma tun daga ƙofa na gane rubutun. Duk Malanbil ba mai ja ma harafi wutsiya haka sai mutum ɗaya. Kumandan ya karanta da Faransanci a hankali, wai wane, mai cika takardu a bakin gada, ya tsaya gaban jama'a da baƙi 'yan ƙasar waje ya yi kira a tuɓe shugaba tsirara, ya kuma roƙi Allah a ƙara. Ya tambaye ni ko na faɗa. Na ce na faɗa, amma na Amirka nake nufi. Ya juya takardar gaba da baya, har ya ɗaga ta wajen haske, ya ce shi bai ga Amirka ciki ba.

Na tattaro Faransancin aji biyar na yi mishi bayani tun daga band har bante. Na ce in ma haka ne ai yabo ya kamata a yi mini, tun da shugaban 'yan mulkin mallaka na zaga, wanda rediyonmu ke zagi safe da yamma. Na ɗauka na ci. Sai ya ce to, ke nan alƙalansu na yaba. Ke nan ina ganin ya dace alƙali ya fi shugaba. Wa ya koya mini haka? Na ga in na ce Mushe, ba mai yarda, don Mushe ne ya kawo ƙara. In na ce namu shugaba nake nufi, na mutu. In na ce na Amirka, ni ɗan korensu ne. Na ce to a kai ni gaban alƙali. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce alƙali na Kandi, motar jandarma kuwa ba ta da taya. Ya ce in ina sauri in rubuta ma na Amirka, ya ji suna da kirki.

Na ba da sunayen shaidu. Mutanen nan da ke sauke gwamnatin Italiya da kofin shayi a hannu, rana ɗaya duk sunka kurumce. Mai shayi ya ce lokacin shina hura wuta. Mai dako ya ce shi dama ba shi gane maganar siyasa. Mutum ɗaya ya zo da ƙafarshi, shi ne kurman gaske. Baba ya taso tun daga Madekali cikin jirgin ruwa, ya tsaya gaban kumandan da warin kifinshi, wani jandarma na fassara. Anka tambaye shi ko ya ji na ce a tuɓe ma shugaba bante. Ya ce ƙwarai, ai shi ya fara gane maganar, yaran duk ba su gane ba. Anka ce wane shugaba. Ya ce babban. Har ya kama ƙugunshi ya nuna yadda ake kwance igiyar. Allah shi jiƙan Baba, da zuciya ɗaya ya zo, kuma shi kaɗai ya zo.

Kafin su tura ni ɗaki sunka zare mini mazagin wando, wai kada in rataye kaina. Haka na yi kwanakin nan hannu ɗaya riƙe da wando, ɗaya na aiki. Da safe in ba lambun kumandan ruwa, da rana in yanko ma ragonshi ciyawa a bakin gulbi, jandarma na biye da ni da bindiga kamar ragon ne shugaban ƙasa. Matata na kawo tuwo, masu gadi su ɗanɗana don tsaro har ya koma rabi. Ba wanda ya sake tambayata kome. Ran da sunka sake ni ma ba hukunci anka yi ba, an kama masu fasa ƙwaurin taba ne su da yawa, ana son ɗakin.

Ban je gida ba, bakin gada na nufa. Teburina na nan, birkin na nan, har tabon tawadar da na zubar bara. Mutum ne kawai ya canza. Ƙanen matar Mushe ke zaune, wanda sau biyu shina faɗuwa jarrabawar fita lakwal. An fito da doka ina kaso, wai ba mai cika takarda kusa da duwan sai da hatimin kwamiti, hatimin kuwa na aljihun wanda kun sani. Na je neman nawa. Mushe ya karɓe ni da fara'a, ya ce kamarad sannu da fitowa, ya ce shi kanshi abin ya dame shi, amma mutum mai tarihi irin nawa ba a iya sa shi bakin iyakar ƙasa. Tarihin da shi ya rubuta da hannunshi.

Na koma kasuwa, rumfar albasa. Ina ɗinke buhu, ina rubuta alamar mai kaya da shuni, in masu dako sun yi kaɗan in sa kafaɗa. Shekara goma sha shida. Idona ya saba da yaji har ba shi hawaye, bayana kuwa bai saba ba har yau. In na bi ta gada sai in kau da kai, amma kunnena na jin ƙanen matar na tambayar direba yadda ake rubuta siminti. Mushe kuwa duk inda munka gamu sai ya tambayi iyali, ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa tsallake kowa ba. Ni ma in amsa. Hatimi na hannunshi, ina da 'ya'ya a lakwal.

Sai ga shekarar da iska ta juya, anka ce an gaji da juyin juya hali, za a koma ƙuri'a. Kamarad ya ɓace daga bakin mutane kamar ba a taɓa faɗinshi ba. Wa kuke tsammani ya zama shugaban ƙungiyar wayar da kan jama'a kan demokarasi a Malanbil? Rediyon ma ya warke, ya koma kama tashoshin waje. Turawa sunka fara zuwa cikin fararen motoci, da huluna masu faɗi da ruwan kwalba, suna duba ko mun iya jefa takarda cikin akwati. Sun damu da mu ƙwarai. Shekara goma sha shida ba su san hanyar arewa ba, yanzu sun ji labarin demokarasinmu jaririya ce, sun zo su ga ko tana numfashi. Mushe ke gaba, shina nuna musu gari.

Wata safiya ina durƙushe bisa buhu da basilla a hannu, sai na ga takalmi mai sheƙi gabana. Mushe ne. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali har ya kai ƙarshe. Sannan ya cire tabarau ya goge. Ya ce ƙanen matarshi zai koma Paraku, teburi zai zama ba kowa, kuma magana ɗaya zai yi ma shugaban duwan in koma wurina. Ya ce dama abin na ranshi duk shekarun nan.

Ya ce sai dai akwai 'yar alfarma. Gobe baƙi za su zauna a lakwal, cikinsu har da wata mata daga Amirka, suna son su ga mutumin da ya sha kaso don faɗin ra'ayinshi. Duk garin ba wanda labarinshi ya kai nawa daɗi. In zo da riga mai tsabta, in faɗa musu yadda zamanmu na bakin gada ya zama makarantar 'yanci, yadda muke bin shari'ar Amirka muna koyon darasi, yadda soja sunka tarwatsa mu. Ba sai na wahalar da kaina da Faransanci ba, in yi Hausata, shi zai fassara. Abin da ya wuce kuwa, zamani ne, kowa ya sha nashi.

Ba ni cewa ban yi tunani ba. Na ga inuwar dogon yaron nan, na ga kaina zaune bisa kujera kamar mutum, alƙalami a hannu maimakon basilla. Bayana ma ya sa baki. Abin da ake so kawai in zauna gaban Turawa in yi magana, mutumin nan ya sake ɗaukar ta ya cire abin da ya ga dama, ya miƙa sauran. Na san in na buɗe baki yadda nake so, teburin ya tafi ke nan har abada, kuma haka anka yi, wani ɗan Gaya ke zaune can yanzu. Na soke basilla cikin buhu na miƙe, masu albasa na jinmu.

Na ce, "Mushe, teburin nan ina son shi, ba ni yi maka ƙarya. Amma ka taɓa fassara ni sau ɗaya, na ga inda ta kai ni. In na zo gobe ba ni son tafinta. Aji biyar na yi, ya isa in nuna ka da yatsa in ce ma matar nan wanga ne ya rubuta takardar, kuma ya san da shugabanku nake, don shi ya kawo mana labarin. Kai demokarasi kake so in tana nesa, inda ba ta san gidanku ba. Ka je ka nemo wani wanda anka rufe, ai kai ka fi kowa sanin sunayensu. Kuma daga yau in mun gamu ka bar tambayata iyali. Suna nan, albasa ta ciyar da su. Matsa, kana taka mini buhu."